Sandar da Za Ta Shiga Dam

Yendi, 12 ga Janairu, 1992

Zuwa ga Kawu Issahaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Bawku baki ɗaya. Mu ma lafiya lau, sai dai Kaka da ke fama da kumburin hannu.

Wataƙila ba za ka gane ni ba. Ni ce Sahada, 'yar Mansuratu ta Salaga, wadda kuke 'ya'yan wa da ƙani da ita. Sau ɗaya ka taɓa zuwa gidanmu da wayona, kuma Mma ta ce bayan ƙofa na ɓuya har ka tafi. Yanzu ina aji huɗu a sakandare a nan Yendi.

Kawu, wata damuwa ce ta sa na yi ƙarfin halin rubuto maka. Kaka, mahaifiyar Babana, tana da mundayen azurfa guda biyu da ta gada daga uwarta. Da hannunta ya kumbura sai ta cire ɗaya ta ƙulle a haɓar zane, ta manta. Inna Damata, matar marigayi Baba Kassim, ɗan'uwan Babana, ita ke yi mata wanki. Ta ce tana ɗauraye zanen a dam sai ta ji abu mai nauyi ya suɓuce, ta ga ƙyallinsa, ya nutse. Ta laluba da ƙafa har la'asar ba ta samu ba.

Ba wanda ya ce mata ɓarauniya. Amma Kaka ta daina ba ta wanki, kuma idan Inna ta shigo tsakar gida sai hira ta mutu. Inna ta ce bayan Sallah za ta kwashe 'ya'yanta mata biyu ta koma wurin danginta a Yeji. Ita ta goya ni ina ƙarama, Kawu. Ni na yarda da ita, amma yardata ba ta da nauyi a gidan.

Mma ta taɓa ba mu labarin cewa da ka dawo aikin soja daga Lebanon ka zo da wani inji mai jin ƙarfe ko a ƙarƙashin ruwa. Da gaske ne? Yaya yake ji, tunda ba shi da ido? Idan yana nan, ko za ka ara mana kafin damina ta cika dam? Idan na yi rashin kunya ka yafe mini.

'Yarka,
Sahada Mutaru


Bawku, 24 ga Janairu, 1992

Malama Sahada,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ban da gwiwata da ke tuna mini na tsufa. Na tuna ki sarai. Ƙafafunki kawai na gani a ƙarƙashin ƙofa, ashe ƙafafun sun girma har suna rubuta wasiƙa.

Injin yana nan. Wurin wani dattijo na saye shi, wanda ke shiga teku da shi yana tsinto zobban da masu wanka suka yar. Tun da na dawo, abin da ya samo mini a Bawku bai wuce makullin maƙwabcina da ya faɗa rijiya ba. Na ba Mikaila, direban loren albasa, zai sauke miki shi a tashar Yendi.

Abu uku za ki gani a buhun. Akwai faifai mai zagaye, shi ne hancinsa. Akwai akwatin batir, ruwa ba ya shigarsa muddin murfin na rufe da kyau. Akwai abin sawa a kunne. Idan faifan ya kusanci ƙarfe, za ki ji kuka a kunnenki. Yadda yake ji kuwa, ki tambayi malaminku na kimiyya. Ni an koya mini yadda ake riƙe shi ne kawai.

Abu na huɗu babu shi, wato sanda. Ta asalin ta karye tun bara, akuya ta ture shi daga kan dakali. Ba sanda ba aiki, domin faifan dole ya yi ta shara a ƙasan ruwa kamar tsintsiya, ke kuma kina tsaye. Na tambaya har Kumasi ban samu irinta ba. To, ga aikin gida na ba ki: ki nemo masa sabuwa. Tsawonta daga ƙasa zuwa hammatarki. Kada ki yarda da maganar kowa, har da tawa, sai kin gwada.

Ki gaishe da Mansuratu, ki ce mata har yau ban ga goron da ta yi alkawari ba.

Kawunki,
Issahaku


Yendi, 9 ga Fabrairu, 1992

Kawu,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Injin ya iso lafiya, yana ta warin albasa. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malaminmu na kimiyya ya yarda in ajiye shi a ɗakin gwaji, ya kuma ba ni izinin fita ranar Asabar.

Bari in ba ka labarin sanduna. Na fara zuwa wurin mai walda a bakin tasha. Kunya ta hana ni magana sai da ƙawata ta ture ni gaba. Ya ce, "Sanda? 'Yar makaranta, zan yi miki wadda jikokinki za su gada." Ya ɗauko ƙafar tsohon gadon ƙarfe. Ina kusantar da ita ga faifan, kuka ya cika mini kunne har na cire abin. Ya ce to a gwada bututun eriyar talabijin, shi ai goran ruwa ne, wato alminiyam, mayen ƙarfe ma ba ya kama shi. Kawu, shi ma ya yi kuka! Wannan ya ba ni mamaki sosai. Na zaci abin da mayen ƙarfe ke kamawa kawai yake ji. Malam ya ce duk abin da wutar lantarki ke iya bi ta cikinsa, injin zai ji shi. Da na ji haka hankalina ya kwanta, tunda azurfa ma mayen ƙarfe ba ya kama ta.

Sai na koma ga abin da ba ƙarfe ba. Na cika duro da ruwa a bayan kicin. Gora shiru take, kuma ba nauyi, amma ba ta son nutsewa. Ina danna ta tana ture hannuna, daga baya ma ta tsage. Bututun roba irin na famfo shi ma shiru, amma yana lanƙwasa kamar wutsiyar saniya, kuma iskar cikinsa na ɗago shi. Masu dafa mana abinci sun taru suna kallona. Ɗaya ta ce, "Yarinyar nan tuwon me take tuƙawa da ba gari?"

A ƙarshe na je wurin wani tsoho mai sassaƙa ƙotar fartanya. Ya ba ni itacen kanya, baƙi, mai nauyi. Yana nutsewa da kansa, ba ya lanƙwasa, injin kuma bai ce uffan ba. Na haɗa shi da faifan da ƙusar itace, na ɗaure da robar tayar keke. Aibinsa ɗaya, hannu na gajiya da wuri.

Kawu, kanya ko bututun roba? Ina jiran shawararka, amma lokaci na tafiya. Mma ta aiko cewa Inna Damata ta fara sayar da kajinta.

'Yarka,
Sahada


Bawku, 20 ga Fabrairu, 1992

Sahada,

Muna lafiya. Na karanta wa matata wasiƙarki, ta yi dariyar tuwon da ba gari har da hawaye.

Kin yi aiki. Kanya ba laifi, amma a cikin ruwa za a daɗe ana shara, nauyi zai kashe hannu. Ni da bututun roba zan tafi. Ki ɗora ƙusa a wuta ki huda shi wuri-wuri, ruwa ya riƙa shiga yana korar iska, ba zai ƙara tasowa ba. Ki zura siririyar sanda a ciki saboda lanƙwasa.

Abu biyu kuma. Na farko, ki ari 'yar'uwar munduwar wurin Kakarki, ki wuce da ita ƙarƙashin faifan har kunnenki ya haddace muryarta. Gwangwani kukansa a tsattsage yake, azurfa kuwa muryarta zagaye take, ba gargada. Na biyu, ki je da kanki. Kada ki aika injin hannun wanda bai san halinsa ba.

Zan ba Mikaila wannan, ya fi gidan waya sauri.

Issahaku


Yendi, 15 ga Maris, 1992

Kawu,

Gaisuwa, da barka da shan ruwa. Ina fatan lafiya ce ta sa ban ji daga gare ka ba. Kullum ina leƙa tasha, an ce loren Mikaila ya lalace a hanyar Gushegu.

Da na ga shiru, ga jarrabawa ta hana ni tafiya, sai na aika injin gida da sandar kanya. Na rubuta wa Baba yadda ake kunnawa da yadda ake rufe murfi. Yanzu ban san ko na yi daidai ba.

Jiya Mma ta aiko mini saƙo. Ta ce Baba da kansa ya shiga dam da shi, kuma tun daga bakin ruwa har inda ya kai masa ƙirji, injin bai daina kuka ba. Ko'ina ya nuna, kuka. Wani ya ce ai dama fataken goro na da sun binne dukiya a wajen. Kafin azahar labari ya zaga Salaga cewa injin Bature ya ce ƙasan dam duk zinariya ce. Yanzu samari na shiga da kwanduna da shebur suna kwasar laka, da azumi a bakinsu. Har masu sayar da doya sun bar rumfuna.

Kawu, tsorona biyu. Idan suka ci gaba da dama lakar, munduwar za ta ƙara nutsewa, ko wani ya tsince ta ya yi shiru. Sannan me ya sa yake kuka haka? A duro bai taɓa yi ba. Zai yiwu ƙasan dam duk ƙarfe ne? Ko ruwa mai yawa yana ruɗa shi? Na juya abin a kaina har na kasa karatu.

Inna Damata ta ɗaure kayanta. Ta ce Litinin ɗin bayan Sallah za ta tafi.

Sahada


Bawku, 25 ga Maris, 1992

Sahada,

Na samu taki ta gidan waya. Idan yana kuka ba tsayawa, ruwa ya shiga akwatin. Ya lalace ke nan. Ku cire batir ku ajiye shi. Kada kowa ya ƙara taɓa shi.

Issahaku


Salaga, 8 ga Afrilu, 1992

Kawu,

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Kowa lafiya. Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka same ni, ana gobe za mu tafi hutu. Na fara buɗe gajerar. Ba gaisuwa a cikinta, sai na san ranka ya ɓaci. Da na karanta ɗayar na ga ka ce kada in aika shi hannun kowa, sai na zauna bayan aji na yi kuka. Ina neman gafara. Kuma ina ƙara neman wata, domin ka ce kada a taɓa shi, na taɓa.

Da na iso gida na tarar da injin a zauren Baba, an jingine shi a kan buzu. Kawu, ban gane sandata ba. Ka san halin gidanmu, ba a mayar da kayan aro yadda aka karɓo shi. Ko kwano maƙwabciya ta ara mana, sai an saka wani abu a ciki. Balle kayan suruki. Baba ya ga sandar tsirara, ya ce ba za a ce gidan Mutaru sun mayar wa Issahaku injinsa da ƙotar fartanya ba. Tun kafin ya kai shi dam ya ba maƙeri da baduku sandar. An ɗinke mariƙin da jar fata, an jera mata zobban tagulla daga sama har ƙasa, an kuma sa mata hular tagulla a gindi, daidai inda faifan yake. Ta yi kyau ƙwarai. Ni kuma ban taɓa gaya masa kada a kusantar da ƙarfe ba, domin bai zo mini a rai wani zai yi wa sandar shiga laka ado ba.

Na buɗe akwatin a ɓoye, a bushe yake ƙaƙas. Amma ta yaya zan ce wa Baba kyautarsa ce ta tara rabin gari a dam? Ban taɓa yi masa magana mai tsawo ba. Ranar Sallah na kasa. Washegari na ga an fito da ƙunshin kayan Inna Damata bakin ƙofarta, sai na ɗauko injin na kai tsakar gida. Baba na alwala, Kaka na kan tabarma. Na durƙusa na miƙa masa abin kunne. Na kunna, na ɗaga faifan sama.

Na ce, "Baba, me kake ji?"

Ya ce, "Kukan nan dai."

Na ce, "Sama na nuna shi."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Kaka ta ce, "To Mutaru, sai a aro tsani. Zinariyar taku ta koma can."

Na kwance robar, na zare sandar na ja da baya da ita. Na ga fuskarsa ta canja, na san kukan ya tsaya. Na matso da ita, na janye, na sake matsowa. Ya cire abin kunnen. Can ya ce, "Wato ni na yi ta jin kaina a dam." Na ce, "Baba, sandar ta fi ƙarfin laka. Ta zuwa masallaci ce, kuma Kawu na ciwon gwiwa." Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ce, "Je ki kawo wadda ta dace da laka."

Na yi yadda ka rubuta, bututun roba da huji da siririyar sanda a ciki. Gaskiyarka, ba nauyi, kuma ya daina tasowa. Na roƙi Kaka 'yar'uwar munduwar. Ta ciro ta ce, "Ki riƙe ta da kanki." A gaban Inna Damata ta faɗa. Inna ba ta ɗago kai ba.

Na haddace muryar, na mayar wa Kaka abinta. Da hantsi muka tafi dam. Baba ya tsaya a baki ya gaya wa samarin babu zinariya, kuskurensa ne. Wani ya ce, "Alhaji, so kake ka ci kai kaɗai!" Amma sun fito su kalla. Ni ban iya iyo ba, Inna ce ta san wurin. Sai ita ta riƙe sandar tana shara, ni na sa abin kunne na riƙe kafaɗarta, ruwa har ƙirjina. Idan na ji kuka in matsa mata kafaɗa, ita kuma ta laluba da yatsun ƙafa. Mun ciro gwangwanayen madara da marfin tukunya da sarƙar keke. Duk abin da ya fito sai samarin su yi ihu, "Ga zinariya!" Har na fara tunanin wani ya riga mu.

Sai Inna ta ce ranar da abin ya faru ruwan ya fi haka yawa, dutsen da ta tsaya a kai ga shi can ya fito fili. Muka dawo baya, inda ruwan bai wuce gwiwa ba, inda ba wanda ya damu ya haƙa. Nan na ji ta, Kawu. Zagaye, ba gargada, kamar yadda ka ce. Na matsa kafaɗar Inna har ta ce wash. Ta zura hannu cikin laka har gwiwar hannu.

Ba ta ɗauraye ta ba. Haka ta riƙo ta baƙa ƙirin har gida, ta ajiye a kan tabarmar Kaka, laka na ɗiga. Ta ce, "Ga ta nan. Wani ya wanke, kada ta sake suɓuce mini." Ta shige ɗakinta. Kaka ta bi ƙofar da kallo.

Litinin ta wuce, Inna ba ta tafi ba. Amma kayan na nan a ɗaure. Ban san me zai faru ba.

Baba ya ba Mikaila sandar ya kawo maka, da goron Mma. Injin kuma sai ka faɗi yadda za a yi.

'Yarka,
Sahada


Bawku, 19 ga Afrilu, 1992

'Yata Sahada,

Gaisuwa mai yawa, ninki biyu, har da wadda na ci miki a waccan takarda. Ba fushi na yi ba. A tsaye na rubuta ta a gidan waya ana shirin rufewa, kuma raina ya ɓaci ne don na zaci injina ya ba ku kunya a lokacin da kuke buƙatarsa. Ashe shi gaskiya yake ta faɗa, an ɗaura masa tagulla a hanci. Da kin bi maganata da yanzu Damata na Yeji. Na gaya miki tun farko kada ki yarda da ni sai kin gwada.

Sanda ta iso. Ranar Juma'a na fita da ita, sai da liman ya karɓa ya juya ta. Ki gaya wa Mutaru ban taɓa ba da aron abu ya dawo mini da riba irin wannan ba.

Injin ya zauna wurinki. Ni makulli ɗaya ya samo mini. Sharaɗina, duk abin da kika gano game da halinsa ki rubuto mini.

Yaya Damata?

Kawunki,
Issahaku


Salaga, 28 ga Afrilu, 1992

Kawu,

Gaisuwa da godiya marar iyaka. An yi ruwan farko shekaranjiya, dutsen nan ya koma ƙarƙashin ruwa. Gobe zan koma Yendi.

Ka tambayi Inna Damata. Kaka ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, kowa ya sani. Abin da ta yi, ta aike ni in ce wa Inna tana son aron ludayinta, wai na gidan duk ba sa kamun koko daidai. Ludayin na cikin ƙunshi. Inna ta kwance, ta ciro shi kaɗai, ta sake ɗaurewa. Da Kaka ta gama ta ba ni in mayar, a cikin ƙwarya, an rufe da faifai. Ban buɗe ba, amma na ji nauyi, na kuma ji abu biyu na bugun juna. Inna ta ɗaga faifan ta duba. Mundayen ne, duka biyun. Sannan ta ce in gaya wa Kaka ita ba ma'ajiya ba ce, amma za ta riƙe har hannun ya saɓe.

Washegari Kaka ta aiko aron rariya. Jiya tukunya. Ƙunshin ya rage kaɗan ƙwarai.

Yau da safe na ga zanen Kaka a kan igiya. Ban tambayi wanda ya wanke ba.

'Yarka,
Sahada